Shekarar da Muka Sallami Shanu

Lokacin da aka kawo ni gidan miji a Maisandari, gonar geronmu tana bayan gida, kuma ba mu san wani taki ba sai na shanu. Da an gama girbi, wani dattijo Balaraben Shuwa yakan sauka da garkensa a gonar. Shanu su cinye kara da karmami, su kwana nan har rani ya yi nisa, su bar mana kashi da fitsari. Mu kuma mu ba shi damin gero da ruwan rijiya. Tun zamanin surukina haka ake yi.

Matar dattijon ce ƙawata ta farko a garin. Hausarta gurguwa, ni kuma Barbarcina, yaren garin, ya fi tata Hausar muni, amma sai mu wuni muna surutu. Ita ta karɓi haihuwata ta fari, don ba ni da kowa kusa.

Bayan samun 'yancin kai, ƙanin maigidana da ke aikin ofis a GRA ya kawo mana buhun takin zamani, fari kamar gishiri. A damunar nan gero ya yi kai har maƙwabta na zuwa kallo. Maigidana mutum ne mai saurin ɗaukar sabon abu, sai ya yanke cewa shanu ba su da sauran amfani. Ya tattara karan ya kai Kasuwar Shanu ya sayar. Da dattijon ya iso da garke, ya tarar da gona a share tas. Na roƙi maigida ya bar su ko don matar, ya ce gona ba wurin zumunci ba ce. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma na gaya masa.

Dattijon bai yi musu ba. Ya sha ruwa, ya yi godiya, ya kora shanunsa gabas.

Ba a ɗau shekaru da yawa ba ƙasar ta saki. Ta koma yashi zalla, ruwa ya sauka ya wuce, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, ya cika kunyoyin gonar. Takin ma wani lokaci ya zo, wani lokaci sai an gama shuka. Rumbunmu ya daina kai mu damina.

Maigida ya haɗiye girman kansa ya je Kasuwar Shanu neman dattijon, ni ma na bi shi. Muka same shi gindin wata bishiya. Ya saurari maigida har ya gama, sannan ya ce ya riga ya yi wa wani manomi alkawari, ba zai saɓa ba.

Na tambaye shi labarin matarsa, na ce ina da saƙo gare ta.

Ya dube ni ya ce, "'Yata, bara ta rasu. Da ciwon ya tsananta ta ce a kira ki, na ce mata ba mu da gona a can kuma."