Askar Kailu da Cibiyar Jinjiri

Kailu wanzami ne a Tabla, sana'ar da ya gada wajen ubansa. Da damina yana noman hatsi kamar kowa, da rani kuma ya rataya zabira ya bi kasuwanni yana aski da ƙaho. Ranar suna shi ke aske jinjiri, ya cire masa beli, a sallame shi da goro da nama.

Wata shekara aka tara wanzamai da ungozomai a likitar Filinge, wato asibitin garin. Wata ma'aikaciya, Anisa, ta yi musu bayanin ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, masu shiga jikin jinjiri ta cibiya ko ta bakin aska. Ɗan Kailu na fari ya faɗo masa a rai, wanda cibiyarsa ta kumbura ta yi ruwa, bai ko kai suna ba. A lokacin cewa aka yi iska ce ta taɓa shi.

Da ya koma gida sai ya fara tafasa askarsa, ya kuma daina cire beli. Tsofaffin mata suka ce aikinsa ya zama rabi. Gidaje da dama suka koma kiran wani wanzami.

Maƙwabcinsa Ɗangoma bai canza shi ba. Da aka yi masa haihuwa, sai ya kira Kailu. Ranar suna da hantsi aka miƙo jinjirin cikin zane, Kailu ya ji jikin yaron zafi rau. Ya buɗe zanen. Cibiyar ta yi jajir tana wari, an dame ta da toka da man shanu.

"Inna, shina shan nono?" ya tambayi Laraba, uwar Ɗangoma.

"Tun jiya ya ƙiya. Kai dai yi askinka, cibiya gasawa taka so."

"Ba ni aza aska bisa yaron ga, Inna."

Ya ja Ɗangoma bayan rumbu. "Ɗauko moto, ka kai su Hilinge yanzu."

"Haba Kailu, jama'a ta taru, an yanka rago!"

"Su ci ragonsu. Nawa ɗan haka ya faro."

Ɗangoma ya shiga gida ya kira mai jego.

A likita aka wanke cibiyar, aka riƙe su ana yi wa yaron allura har zafin ya sauka ya kama nono. Laraba ta daɗe ba ta amsa gaisuwar Kailu, don a ganinta ya watsa mata taro. Yaron, Saminu, ya tashi lafiya.

Kailu ya tsufa yanzu, amma yana zama ƙarƙashin rumfarsa ranar kasuwa. In ya kama kan mai gida wanda iyalinsa ke da ciki, kafin ya jiƙa gashin sai ya tambaya ko ta je awo wannan wata, ko ƙafarta na kumburi. Wasu su amsa, wasu su ce ba ruwan wanzami.