Ƙyallen da ke Ƙafar Baba Direba

A unguwar babu mai ce mata nas. Mai Ƙumba ake kiranta, kuma da far'a take amsawa. Aikinta bin tsofaffi masu ciwon sukari gida-gida: ta auna jini, ta wanke ƙafa, ta yanke farce, ta ɗauki jaka sai gida na gaba. Tsofaffi arba'in ne a hannunta, kowa da halinsa, amma dokarta ɗaya ce: safa sai an cire, ko da mai ita na rantsuwa cewa lafiya lau yake.

Baba Direba ne ɗan lelenta. Ya tsufa a kan sitiyarin bas, yanzu mantuwa ta kama shi, amma ba'a ba ta bar bakinsa ba.

"Amaryata ta iso! Shiga gaba, kujerarki na nan."

"Angon da farcensa ya fi na shaho? Miƙo ƙafa, Baba."

Tana zare safar ta ga jan zobe ya kewaye idon sawun, fata ta saluɓe. Ta leƙa ƙasan gado, ga ƙyalle an ƙulla a jikin ƙarfen gadon, da shi ake ɗaure ƙafar Baba.

Ƙarar keken ɗinki ta tsaya a ɗakin kusa. 'Yar Baba, tela, ta fito tana murza hannu. Ita da Mai Ƙumba aminan juna ne. Ita ke ɗinka wa Mai Ƙumba kayan aiki.

"Yaya, kar ki yi mini wannan kallon. Fita yake yi neman motarsa. Rannan a tsakiyar titi aka tsinto shi. Ni kaɗai ce, in raba kaina biyu?"

"Na san ba mugunta ba ce, ƙanwata. Amma a jikin mai sukari, irin wannan ƙujewar ce ke cin ƙafa ɗungurungum. Dole in sanar da ofishin kula da tsofaffi."

"Ni za ki kai ƙara? Ki tona mana asiri?"

"Aikina ya ɗora mini, doka ma ta ɗora mini. Sai dai ba zan yi a bayan idonki ba. Zauna, a gabanki zan buga wayar."

Ta buga. Abin da ta gani kawai ta faɗa: ciwon, ƙyallen, da mace ɗaya da aiki ya yi wa yawa.

Jami'an sun zo, sun yi tambayoyi masu zafi, tela ta sha kuka. Suka sa yayyenta maza biyu suka raba yini da ita, aka ɗaga sakatar ƙofar gida sama inda hannun Baba ba ya kaiwa, keken ɗinki ya koma ɗakin Baba. Ƙararsa ma ta yi masa daɗi. Cewa yake injin ya tashi, fasinja su yi haƙuri.

Ciwon ya warke kafin fushin tela ya huce. Mai Ƙumba ta yi ta sallama ana amsa mata a daƙile, ita kuwa ba ta fasa zuwa ba. Ran nan tana durƙushe gaban Baba, sai ta ji an ja kujera kusa da ita.

"Matsa," in ji tela, ba ta ko dube ta ba. "Nuna mini yadda kike goge tsakanin yatsun nan."

Mai Ƙumba ta miƙa mata tawul.

"Mata biyu a ƙafa ɗaya!" in ji Baba. "Ɗayar fa, laifin me ta yi?"