Mai Gadin da Ya Ƙi Cire Katin Ashafa

Kafin ma'aikatan safe su fara kwararowa daga Dorayi da Zawaciki, Baba Obadiya mai gadi ya riga ya share ƙofar kamfanin sabulun nan na Sharada, ya jawo bencinsa gindin darbejiya, ya jera katunan aiki a allonsu. Shekara ashirin da shida ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye makullai ya koma garinsu Kagoro, ni kuwa na rantse ba zai tafi shiru ba.

A shekarar korona aka damƙa masa na'urar auna zafin jiki, wadda ma'aikata suka laƙaba wa suna bindiga. In ta nuna ja ka koma gida, unguwa ta guje ka, wataƙila aikin ma ya suɓuce. Ƙarti majiya ƙarfi suka koma laɓewa bayan katanga suna ɗora ledar ruwan sanyi a goshi kafin su shiga layi.

"Ni za ka yi wa wayo?" in ji Baba. "Goshi kamar randa! Zauna nan."

Sai ya zaunar da mutum a benci ya ja shi da hira: ya gero ya yi a ƙauye, wa aka sa wa rana. Ba ya aunawa sai numfashi ya daidaita. Yawancinsu zafin rana ne da fargaba. Amma in ja ce, ja yake faɗa.

Ranar da ta nuna ja sau uku a goshin Ashafa, ɗan Maraɗi mai kula da injin yanka sabulu, layi ya watse. Sauda, mai shirya kwalaye, tana tsaye daga nesa ta ji komai.

"Baba, mutuwa zan yi," in ji Ashafa. "Ba ni da kowa a garin nan."

"Ni kuma hoto ne?"

Ya gyara takunkumin fuskarsa, ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin har motar asibiti ta zo. Daga nan kullum bayan azahar sai ya kira shi a waya, shi Baban da yake dattijon coci: "Ka yi salla? Ka ci abinci? To, katinka na nan."

Ana kwana goma manaja ya aiko a cire katin, za a ɗauki wani. Baba ya taka har ofis.

"Yallaɓai, mai katin nan yana numfashi. In dai za a cire, a haɗa da makullaina."

Katin bai motsa ba.

Kai ne, Baba, dutsen bakin ƙofa! Kai ma tsoron kake ji, Sauda shaida ce. Amma ka hana tsoron kujera a ƙofarka. Ba allura ka yi wa kowa ba, zama ka yi da mutane lokacin da zama ya fi komai wuya.

Bayan kwana ashirin da uku Ashafa ya dawo a rame. Bindiga ta nuna kore. Da ya miƙa hannu ga allo, ya tarar ko ƙura babu a katinsa, don kowace safiya ana goge shi.

Mun gode, Baba Obadiya. Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Mu kuma da muka rage, a masana'antun Sharada muke ko na Challawa ko na Bompai, in tsoro ya kama na kusa da mu kada mu watse. Bencin yana nan, Ashafa ya hana a ɗauke.