Jan Biro a Kan Sunan Inna

Ranar da 'yata ta dawo daga makaranta ta wuce Inna ba ta tsokane ta ba, na san akwai magana. Yarinyar tana aji biyar a firamare, kuma tun da bakinta ya buɗe ba ta taɓa shiga gida ta bar tsohuwar nan ta huta ba. Ko ta ce haƙoranta sun ƙare, ko ta sace mata kan kifi daga banda ta ruga. Ranar kuwa sai ta durƙusa can nesa, ta yi mata irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa, ta shige ɗaki.

Ba Inna ce ta haife ni ba. Duk unguwarmu a Wara an sani, amma ba a faɗa. Yayar mahaifiyata ce, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da aka tashi yaye ni sai aka sa ni a kwalekwale aka kawo mata, kuma a wajenmu in aka ce an ba ki ɗa, to an ba ki ke nan. Ita ta goya ni, ita ta sha hayaƙin banda ta sa ni boko har na gama sakandare, ita ta yi mini gara. Mahaifiyata tana can ƙauyensu ta wajen Shanga, kuma har ta rasu ba ta taɓa kirana 'yarta a gaban Inna ba.

Na bi yarinyar ɗaki na karɓi littafinta. Aikin Turanci ne. An koya musu sunayen dangi, aka ce kowa ya rubuta mutanen gidansu da abin da ake kiran kowannensu, sannan ya jera su da kalmomin gwada kusanci: close, closer, closest. Ta rubuta grandmother a gaban Inna, ta sa ta a mafi kusa, har gaba da ni. Ban ji haushi ba, gaskiya ta rubuta. Malam ya soke da jan biro, ya rubuta great-aunt, ya ja kibiya ya mayar da Inna ƙarshen layi, bayan 'ya'yan ƙanin mijina na Yelwa, waɗanda sai da salla muke ganinsu. Bai tsaya nan ba, sai da ya yi misali da gidanmu a gaban aji.

"Mama, wai Inna ba kakata ba ta?" in ji yarinyar, idonta jawur.

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba. Abin da uwar da ta haife ni ta haɗiye shekara da shekaru, shi wani ya zazzage a kan allo don ya koyar da kalma ɗaya.

Washegari na bar kifi a kan wuta na tafi makarantar. Malamin ɗan unguwarmu ne, na san shi tun yana yawo ba wando. Ya fito bakin aji yana murmushi.

"Yaya, lahiya da sassahe?"

"Malam, wa yab ba ka izinin raba min gida?"

Ya ce shi ba gida ya raba ba, ma'ana ya koyar. Ya ɗauko littafi ya nuna mini: grandmother ita ce wadda ta haifi uwarka ko ubanka, 'yar'uwarta kuwa sunanta daban. In yarinya ta rubuta haka a jarrabawa, faɗuwa za ta yi. Ya ƙara da cewa gaskiya ɗaci gare ta.

Na ce masa ni ma na yi bokon nan, na san abin da littafin ya ce. Amma wanda ya rubuta shi bai taɓa ganin an sa yarinya a kwalekwale an kai ta yaye ba. Nasa dangin ya ƙirga, ya yanka wa kowa suna, ba namu ba. In Turanci ba shi da sunan matar da aka ba ɗa ta riƙe, talaucin nasa ne, ba Inna ce za ta matsa ta ba shi wuri ba. Na san wadda ta riƙe uban malamin nan ma, kuma maganar ta zo mini har baki. Na mayar da ita, don ni an koya mini abin da ba a faɗa.

Ya ce ba zai iya ba ta maki ba. Na ce ya riƙe makinsa. Na zare biron da ke aljihun rigarsa, na buɗe littafin 'yata na soke abin da ya rubuta, na mayar da grandmother da manyan baƙaƙe, yaran aji suna leƙe ta taga.

Da na koma gida na tarar Inna ta juya kifin da na bari. Yarinyar ta riga ta faɗa mata komai tun jiya, ni ce ban sani ba. Ba ta ɗago ba.

"Kin tai wurin malamin?"

"Na tai, Inna."

"Mi kic ce mishi?"

"Nic ce ƙarya shikai."

Ta daɗe tana gyara itace, hayaƙi yana shiga idonta.

"Bai yi ƙarya ba, ɗiyata. Ban haihe ki ba." Ta share ido da bakin zane. "Amma da kin dawo kin ce min yai gaskiya, da yau ba ni kwana gidan ga. Kayana na ɗaure tun da asuba."

Na leƙa ɗakinta. Ƙunshin yana nan bayan ƙofa, har da butarta a kai. Ni na kwance shi da hannuna.