Kiristal Arba'in da Na Goge wa Lamba

A shekarun da aka fara shari'a a jiharmu ina gyaran rediyo a wata rumfa a Daura. Autanmu ya tafi aikin haƙar rijiya can cikin hamadar Nijar, inda waya ba ta kaiwa. Wata rana wani direba ya kawo takardarsa. A ciki autan ya ce mai gidansa yana da rediyon magana, kuma duk Juma'a bayan la'asar zai ba shi minti biyar ya gaida Inna. Ya rubuta lambar mitar, ya ce mu dai mu saurara.

Rediyon kasuwa ba ya fitar da irin wannan magana, sai gunaguni. Wani malamin fasaha ya zana mini ƙaramin allo da ake jonawa da kwamfuta, ya ara mini tsohuwar tasa. Ya ce komai ya dogara ga kiristal, wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa da ke tsayar da rediyo a mita guda. Lambar da ke jikinsa dole ta ninka wadda autanmu ya rubuto sau huɗu.

Ni mutum ne mai tsari. Da farko na ciro kiristal arba'in daga matattun rediyo da talabijin. Na biyu, na jera su a tire, na rubuta lambar kowanne a ƙarƙashinsa, na ga guda ɗaya ne ya dace. Na uku, da yake ba na jona abu mai tsatsa, na goge su duka da toka da soson ƙarfe har suka yi ƙyalli. Lambobin suka tafi tare da tsatsar. Ban damu ba, tunda jerin yana nan.

Da na tashi yin alwala, hannun rigata ya ja tiren, suka watse a ƙasa.

Ba ni da na'urar auna su. Na aika Kano a nemo sabo, aka ce babu. Abin da ya rage shi ne gwaji, kuma a minti biyar ɗin Juma'a kiristal biyu kawai nake iya gwadawa, don sai na narka dalma in sauya.

Duk Juma'a Inna takan sa mayafinta na unguwa ta zauna a tabarma, ta fuskanci kwamfutar.

"Yau ma ƙarfen ne?"

"Shi ne, Inna."

"Kai da wanke-wanke! Tun kana yaro har gishiri kake so ka wanke."

Daga baya ta daina tsokanata, sai ta naɗe tabarmarta kawai. Ta rasu ranar wata Laraba, na gwada ashirin da biyu ke nan. Direban bai sake biyowa ba, balle in ba shi saƙo.

Na ci gaba bisa jeri, don ban san yadda ake barin aiki a tsakiya ba. Na talatin da ɗaya ya kawo muryarsa tangaran. Yana cewa, "Inna, ina wuni? Ya ƙafar taki? Yaya yana kai ki asibiti kuwa?"

Abin da na haɗa na sauraro ne kawai, ba a amsawa da shi. Na zauna har ya gama minti biyar ɗinsa, ya ce sai wata Juma'ar.