Na je in hana Yaya Sabi'u cin kitse

Yaya Sabi'u ya shigo gida da la'asar, gemunsa sai ƙyalli yake. Na matsa na shinshina. Ƙamshin tsire!

Yayan nan nawa yana fama da ciwon hanta mai ƙwayar cuta. Likita ya ce kitse ya fara taruwa a hantar, in bai bar maiƙo ba, abin zai iya zama ciwon daji.

Washegari na hau acaɓa zuwa Gauraka wurin mai tsirensa. Na ce, "Malam Ado, don Allah daina sa wa yayana kitse, ba shi da lafiya."

Ya harare ni. "Kai ɗin? Ba kai ka ce an zo rusau ba, na kwashi nama na ruga? Yau kuma me ka ƙulla?"

Ya tsaya yana jiran in fashe da dariya. Ban yi ba. Sai ya ajiye wuƙa ya ce, "Ashe shi ya sa ya rame."

Yau Yaya ya dawo yana mita, wai tsiren Ado ya lalace, duk tsoka.

Amma hankalina bai kwanta ba, don gobe aiki zai kai shi Diko, can ma masu tsire ne jere. Jama'a, ya zan yi da shi?