Dokin da Habibu Ya Ɗaga

Shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanena Habibu makwancinsa a Rano, kuma da an ƙyale ni da ban ce uffan a jarida ba. Amma makon jiya na ga hotonsa a allon talla a bakin kasuwa, ɗan mitsitsi can ƙasa, a samansa fuskar Alhaji Mamuda ta cika ko'ina tana murmushi. Wai za a yi gasar tunawa da shi. Tun ranar raina yake a ɓace.

Ga wanda bai san shi ba, Habibu malamin lissafi ne a wata sakandare a Kibiya. A can ya kamu da son ces, darar nan ta Turawa mai sarki da dawaki da sojoji. Mutanen gari suka ce caca ce, wasu suka ce aljanu ne suka shafe shi, tunda ga babban mutum ya tasa 'yan itatuwa a gaba yana zuba musu ido. Bai kula ba. Da ya ji za a yi buɗaɗɗiyar gasa a Alƙahira, wadda kowa daga kowace ƙasa zai iya shiga, sai ya sayar da babur ɗinsa ya tafi. Ba wanda ya raka shi ko tasha sai ni da matarsa Rabi.

Ya yi abin da ba mu zata ba. Ya buge mutanen da suka tashi da wasan tun suna yara, har ya kai wasan ƙarshe, wanda in ya ci zai shiga sahun masu karɓar kyauta. A ces akwai doka: ɗan da ka ɗaga da niyyar tafiya, dole shi za ka tafiyar. Abokin karawarsa ya tashi shan ruwa, alƙalin wasa yana can nesa. Habibu ya ɗaga dokinsa, yana ɗagawa ya hango cewa duk inda ya ajiye shi wasan ya lalace. Ba idon da ke kansa. Ya ajiye dokin a gaba, aka cinye shi, ya dawo gida hannu rabbana.

Da bakinsa ya ba da labarin a majalisarmu, ba ya ko jin kunya. Alhaji Mamuda, wanda a lokacin yake neman kansila, ya yi dariya har da ƙwalla.

"To Malam Habibu, wa ya gan ka?"

"Ni na ga kaina, Alhaji."

Daga ranar sunansa ya koma Mai Doki. Yara suna bin sa da shi in ya fito neman mota zuwa makaranta, tunda babur ya tafi. Har ciwon hanta ya kwantar da shi, ba wanda ya ba shi ɗakin da ya roƙa don koya wa ɗalibai wasan. Alkawari kam ya sha shi.

Yau wasan ya yi farin jini, ana nuna shi a talabijin, zaɓe kuma ya gabato. Sai ga Alhaji Mamuda ya tuna yana da gwarzo a garinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi ci mini rai, ba a fara gasar ba amma Rano kaf an san ɗan wa zai ɗauki kofin. An riga an ja kunnen yara biyun da za su iya doke shi, an ce a yi kara. Da sunan Habibu za a yi wannan. Ina tambayar kaina me zai yi da yana raye. Zai naɗe allon ces ɗinsa ne ya fita.

Shekaranjiya mutanen Alhaji suka turo a karɓi allon nasa, wai za a kafa shi a gaban manyan baƙi. Ina shirin buɗe baki Rabi ta riga ni daga bayan labule. Ta ce su gaida Alhaji, su gaya masa allon ba ya zuwa inda aka gama wasa kafin a zauna. Ni ma ga tawa a nan: ku cire sunan ƙanena daga allon tallanku. Ku sa na wanda ya biya kujeru.

Me ya rage na Habibu? Ba kofi, ba ɗaki, babur ma bai sake saya ba. Amma kwanan baya na bi ta Kibiya, na tsaya gindin tsamiyar da tsofaffi ke buga dara a ƙasa, waɗanda a da suke masa dariya. Wani ya ɗaga ɗansa, ya ga zai yi asara, ya lallaɓa zai mayar. Na kusa da shi ya riƙe masa hannu ya ce, "A'a Malam, ka ɗaga. Tafi da shi, kamar Mai Doki."

Tsohon ya yi tsaki, ya tafi da shi. Allah ya jiƙan Habibu.